Hular da ta Karkata Dama

Sati uku cif rabon Aziza da ta ci abinci har ta ƙoshi, sai ranar Alhamis ɗin nan da Inna Mairo ta ɗaga labulen ɗakinta ta shigo da murmushin da ta kasa ɓoyewa.

"Tashi zaune, sarkin kuka. An fasa."

Aziza ta ɗago kumburarrun idanunta. "Me aka fasa, Inna?"

"Zuwan mutanen Nasser neman aurenki gobe. Kakarki ta ce ko goro ɗaya aka shigo da shi gidan nan kafin ta ga yaron tele da idonta, ba da yawunta ba. Ta ce a kira mata shi gobe bayan Juma'a."

"Baba fa?"

"Babanki ya yi shiru. Kin san in Ya Fanna ta buɗe baki a gidan nan, ko akuyar da ke turke sai ta rage murya."

Wata irin ajiyar zuciya Aziza ta sauke, har sai da kafaɗunta suka yi ƙasa. Ta kifa kanta a cinyar uwarta ta fashe da sabon kuka, amma wannan kukan mai sauƙi ne, ba irin na kwanakin baya ba. Inna ta ƙyale ta ta yi ya ishe ta, sannan ta tura mata kwanon shinkafa da busasshen kifi. Malamar lakwal guda, mai tsawata wa yara sittin, ta naɗe hannun riga ta hau ci kamar wadda aka sako daga horo.

Sai da ta kusa ganin gindin kwanon tunani ya zo mata. Ta tsaya da loma a hannu.

"Inna, to me ya sa take son ganinsa?"

Murmushin Inna ya ragu. "Abin da ban sani ba ke nan. Tun jiya da Nasser ya nuna mata abin nan a salula ba ta faɗa wa kowa abin da ke ranta ba. Sau huɗu ta sa ya maimaita mata. Na leƙa na ga hawaye a fuskarta."

Aziza ta mayar da lomar cikin kwano.

* * *

Wanda bai san sunan Munkaila ba, to ya san fuskarsa. Shekara goma sha uku yana wasan kwaikwayo, bai taɓa fitowa a saurayin da 'yan mata ke rububi ba, bai kuma taɓa nema ba. Shi ne mai gadi, shi ne mahauci, shi ne direba mai surutun tsiya, shi ne kawun da ba ya zuwa biki sai an sauke tukunya. Ubansa ma'aikacin biro ne, wato ofis, da aka turo Diffa daga Tawa, a Diffa ya girma. Ya fara a dandalin gidan matasa, ya bi masu aikin agaji har Yebi yana wasan wayar da kai a ƙarƙashin rumfar leda, ya yi fim biyu a Damagaram waɗanda aka kashe shi a ciki tun ba a kai rabi ba. Bara Allah ya ɗaga shi, aka kira shi Yamai cikin wani shiri mai dogon zango da ake sawa a tele.

Munkaila ba ya koyon mutum a takarda. Tasha yake zuwa ya zauna, ko bakin kasuwa, ya zuba wa bayin Allah ido: yadda wannan ke jan ƙafa, yadda wancan ke tattare riga kafin ya zauna. Ba ya rubutawa, ba ya ma sanin ya ɗauka. Sai an ce ya hau dandali, mutanen su riƙa fitowa daga jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan baiwar ce ta ciyar da shi, ita ce kuma ta kusa raba shi da Aziza.

Shekara guda yana zuwa Shetimari, garin su Aziza, duk Lahadi. In ya gama gaisuwa ba ya wuce wurin Aziza kai tsaye, sai ya zauna a tabarma gaban mahaifinta, Malam Goni, yana taya shi tsince tattasai. Malam Goni mutum ne mai nauyin baki, amma ya saki jiki da shi har yana cewa ɗana. An riga an yi magana, da an gama kwashe tattasai za a sa rana.

Sai shirin ya fito.

A cikinsa Munkaila ya fito a wani tsohon manomi, Tsoho Ari. In zai yi magana mai nauyi sai ya sa yatsa biyu ya karkata hularsa gefe guda. In aka miƙa masa tattasai sai ya kai shi saitin kunne ya girgiza, ya ji ko 'ya'yan ciki na kaɗawa, don ya san ya bushe. Sai ya yi gyaran murya sau biyu ya ce, "To, a hankali dai."

Duk Shetimari babu wanda bai san mai wannan ɗabi'a ba.

Wani ɗan zamani ya yanko minti biyu kacal, inda Tsoho Ari ke gardama da dillali har ya ja da baya ya faɗa kwalbatin ban ruwa, hula ta yi nata wuri. Kafin kwana uku abin ya zaga kowace salula daga Shetimari har Diffa. Malam Goni ya shiga kasuwa, masu awo suka tarye shi da "Sannu da zuwa, Tsoho Ari!" Ya fito masallaci ya tarar da samari sun karkata huluna suna gyaran murya. Ba da mugunta suke yi ba, su a ganinsu raha ce. Shi kuwa ya dawo gida ko takalmi bai cire ba ya sa aka kira Aziza.

Har yanzu in ta rufe ido tana jin muryarsa. Bai yi tsawa ba, da ma tsawar ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ranar da muka gudo daga Tumur, me na ɗauko?"

"Ya Fanna ka goyo, Baba."

"Gida ya ƙone, gona ta tafi, injin ban ruwa ya tafi. Uwata na ɗauko da mutuncina. Su biyu na iso da su garin nan. Na shimfiɗa wa yaron nan tabarmata, na ce masa ɗana, ashe shi awona yake yi kamar tela. Yau yaran da aka haifa a gabana su ke kwaikwayona a ƙofar masallaci."

"Wallahi Baba bai yi da nufi ba..."

"Da nufi ko ba da nufi ba, an yi dariyar? An yi. Ki faɗa masa kada ya ƙara taka ƙofar gidan nan."

Ba a yi kwana biyar ba Nasser ya dawo da maganarsa da ya daɗe da ajiyewa. Nasser ɗin nan a wani proje na masu aikin agaji yake aiki, yana da farar mota da turaren da ke riga shi shiga gida. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya, sai dai irin mutanen nan ne da in suka ga ƙofa a buɗe ba sa tambayar wa ya buɗe ta. Da ya ji tsohuwar gidan ce kaɗai ba ta ga abin ba, don kowa na tsoron ɓata mata rai, sai ya ga ai nan ne zai ƙarasa aikin. Ya tsuguna gabanta da ladabinsa, ya danna salula ya miƙa mata.

Allah Sarki Nasser. Da ya sani da ya bar salular a mota.

* * *

Da la'asar Aziza ta samu ta kira Munkaila. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar na manne a tafinsa.

"Ya Fanna na kiranka gobe bayan Juma'a."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ko zagina za ta yi, na gode Allah. Sati ukku ina roƙon a ba ni wurin da zan durƙusa, ba a ba ni ba."

"Ta yi kuka da ta gani, Munkaila. Ina jin tsoro."

"Aziza, saurara ki ji. Na rubuta takarda, tana aljihuna. Na bar shirin. Na bar wasan gaba ɗai. In Baba ya ce in zo in riƙa ja masa tiyo a gona, zan zo."

Hawaye ya ɓalle mata. "Kai ne za ka bar wasa? Kai da ko gaisuwa kake yi sai ka ari muryar wani? Shekara goma sha uku kana cin kwakwa a rumfunan leda, sai yanzu da aka fara sanin darajarka?"

"Mi za ni yi da daraja in babu ke? Wallahi ban san na ɗauko shi ba. Ranar da na ga abin a tele, ni kaina sai da jikina ya yi sanyi. Na ce wannan ai Baba ne. Son da nike mishi ne ya sa ya zauna mini a jiki, ba reni ba."

"Na sani."

"Ke kin sani. Shi fa?"

Ta share fuska da gefen mayafi. Sannan ta ce, "Kada ka makara. Kuma don Allah kada ka sa hula."

Duk da halin da suke ciki sai da ya yi dariya, ita ma ta yi, da hawayen da komai.

* * *

Bai ji maganarta ba, da hularsa ya zo, don ya ce ba zai shiga gaban manya da kai a buɗe ba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Aziza na hango shi ta tsakanin zanan kicin, ta ji tausayinsa ya rufe ta, ta kuma ji wani sanyi a ranta don dai ga shi yau a cikin gidansu, abin da ta fid da rai za ta sake gani.

An shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro. Ya Fanna na zaune a kan buzunta, 'yar ƙaramar tsohuwa da carbi a wuya, gefenta tiren busasshen tattasai ja wur. Malam Goni na can gefe a kujerar katako, ya juya fuska wajen katanga kamar an ce masa akwai abin karantawa a jikinta.

Munkaila ya cire takalmi tun daga zaure, ya zube a gaban tsohuwar.

"Wushe, Ya Fanna. Na same ku lafiya?"

"Wushe, wushe. Kai ne na cikin akwatin?" Hausarta na fita da nauyin Barbarci. "A can ka fi ƙiba."

"Tsumma suke cusa mini a riga, Ya."

Ya juya wajen Malam Goni, ya sunkuyar da kai har goshinsa na neman taɓa tabarma. "Baba, na zo neman gafara. Na yi kuskure, ba ni da bakin kare kaina. Ga takarda na rubuta, na bar sana'ar..."

"Ba ni na kira ka ba," in ji Malam Goni, bai ko waiwayo ba.

"Ajiye takardarka," Ya Fanna ta ce. "Ni ban iya karatun boko ba. Aziza! Fito daga bayan zanan nan, ina ganin ƙafarki. Mairo, ke ma zo."

Aziza ta fito kamar mai taka ƙwai, ta raɓa bayan Inna ta zauna.

Tsohuwar ta tura tiren tattasai gaban Munkaila.

"Yi mini."

Ya ɗago a razane. "Na'am?"

"Abin da ka yi a akwati. Yi mini shi nan, a gabana."

"Ya, don girman Allah ki yafe mini. A gaban Baba? Wallahi ba zan iya ba."

Malam Goni ya miƙe tsaye. "Ya, a cikin gidana kuma? Na kasuwa bai isa ba?"

"Zauna, Goni."

Mutumin da ya ba hamsin baya, mai furfura a gemu, ya koma ya zauna kamar ɗan lakwal.

Munkaila ya dubi Aziza. Ita kuwa ba ta san me za ta ce masa da ido ba, sai kawai ta gyaɗa kai. Ya rufe ido ya ja numfashi. Da ya buɗe, saurayin da ya shigo gidan ya tafi. Kafaɗunsa suka ranƙwafa, leɓensa na ƙasa ya ɗan turo, idanunsa suka ƙanƙance irin na wanda ya shekara hamsin yana duban rana a gona. Ya sa yatsa biyu ya karkata hula. Ya zaɓi tattasai guda, ya kai kunne ya girgiza, 'ya'yan ciki suka yi kacau-kacau. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"To, a hankali dai."

Babu wanda ya yi dariya. Carbin Ya Fanna ya zame daga hannunta. Hawaye na bin tsagen fuskarta, amma bakinta murmushi yake yi, irin wanda Aziza ba ta taɓa gani a fuskar kakarta ba tun da ta yi wayo.

"Ƙara," ta ce a hankali.

Ya ƙara.

"Kin gani ko, Ya?" Malam Goni ya ce da ɗaci. "Kin ga yadda ya mai da ɗanki."

"Ɗana?" Ta juyo ta dube shi. "Kai duk garin nan da ku da idanunku, ni da nake lalube na fi ku gani. Mairo, shekara nawa kina tare da mijinki?"

"Ashirin da takwas, Ya."

"In zai karkata hula, ina yake kai ta?"

Inna ta ɗan yi jim. "Hagu."

"Tattasai fa, a wane kunne yake girgiza shi?"

"Na hagu. Har tsiya nake masa, mutum na cin tuwo da dama, yana riƙe fartanya da dama, amma tattasai sai da hagu."

"To ku dubi hular yaron nan."

Duk suka duba. Hular Munkaila ta kwanta a dama, tattasan ma na hannunsa na dama. Shi kansa ya dubi hannun kamar ba nasa ba.

"Kuskure ne, Ya," ya ce a ruɗe. "Kullum gaba da gaba muke zama da Baba. Hannunsa da ke wannan gefen, shi na ɗauka a wannan gefen, kamar mai duba madubi. Ban lura ba."

"Na san kuskure ne. Irinsa wani ya yi shekara arba'in da wani abu." Ta nuna Malam Goni da bakinta. "Wancan. Yana ɗan shekara biyar, in ubansa ya zauna tsintar tattasai a Tumur, sai ya zo ya tsuguna a gabansa, gaba da gaba. Uban ya karkata hula dama, shi ya karkata 'yar tasa hagu. Uban ya girgiza tattasai a nan, shi ya girgiza a can. Uban ya yi gyaran murya, shi ma ya yi da 'yar muryarsa kamar ta ɗan tsako. Mata su taru a bakin ƙofa suna dariya har da riƙe ciki. Uban bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake, ku bar shi, sona yake yi."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Yana shekara shida Malam, uban nasa, ya rasu. Yaro ya tashi da abin a jikinsa, a juye, bai san ma na aro ba ne. Ni kuma ban taɓa faɗa masa ba, don in ya yi ina jin daɗi, amma ba shi ba ne, kullum da saura. Hoton Malam guda ɗaya ne a duniya, na jikin kartarsa ta ɗan ƙasa, yana cikin gwangwanin da ya ƙone a Tumur. Tun ranar nake ƙoƙarin tuno shi, yana guje mini. Sai shekaranjiya yaron nan mai turare ya miƙo mini salula wai in ga cin mutunci." Ta share ido da bayan hannu. "Na duba na ga uban Goni zaune yana girgiza tattasai. Yaron nan ya juya abin ya koma inda ya fito."

Aziza ta toshe bakinta da mayafi. Inna na kuka a fili ba ta ko ɓoyewa.

"Ka ce ya kwaikwaye ka, Goni? Kai wa ka kwaikwaya? Duk gidan nan kai ne ɗan wasan farko, ba a dai biya ka ba ne."

Malam Goni ya daɗe yana kallon Munkaila, kallon da Aziza ta kasa fassarawa. Sannan ya miƙe, ya saka takalmansa, ya fice ta zaure.

* * *

Aziza ta rarrafa wajen kakarta ta riƙe hannunta.

"Ya Fanna, ya tafi. Ya ƙara fushi."

"Ke dai akwai gaggawa. Ni na haife shi. In zai yi kuka ba ya yi a gaban mutane, tun yana ƙarami bayan rumbu yake zuwa." Ta dubi Munkaila, wanda har yanzu yake durƙushe da tattasai a hannu. "Kai kuma ina takardar nan?"

Ya ciro ta. Ta karɓa ta miƙa wa Inna.

"Mairo, ki hura wuta da ita. In ya bar sana'ar wa zai riƙa kawo mini mijina? In ma ba su ba ka wannan mai kumburin idon ba, ni ina nan, ba ni da tsada."

Dariya ta kuɓuce wa Inna cikin kuka. Munkaila ma ya yi, yana share ido da hannun riga. Aziza ta ji nauyin da ke ƙirjinta ya ragu da rabi, amma rabin na nan, yana bayan gida tare da Baba.

Aka yi kiran la'asar, aka yi salla, bai dawo ba. Inna ta kawo shayi ya huce a kofi. Munkaila ya fara duban zaure, yana tunanin ko tashi ya kamata ya yi tun ba a kore shi ba.

Sai ga sallama.

Malam Goni ya shigo, idanunsa sun yi ja, gemunsa da sauran ruwan alwala. Bai koma kujerarsa ba. Ya zo har tabarma, ya tattare riga, ya zauna a gaban Munkaila, gaba da gaba, yadda suka saba zama duk Lahadi. Ya jawo tiren tattasai tsakaninsu.

"Tsohon nan naka," ya ce, muryarsa a dishe, "bayan ya faɗa kwalbati, me ya same shi? Ni iyakar abin da aka nuna mini ke nan."

"Ya tashi, Baba. Ruwa ya cinye gonarsa sau biyu, 'ya'yansa suka ce a koma birni, ya ƙi. Ya sake shuka. A ƙarshe shi ne ke ba duk garin iri."

"Shi ne ba su yanko wannan ba."

"Ba ya ba da dariya, Baba."

Malam Goni ya jinjina kai. Ya ɗauki tattasai guda yana juya shi a hannu.

"Ba na tuna fuskarsa. Na sha gwadawa." Ya dubi uwarsa. "Ya, haka yake? Har leɓen?"

"Har leɓen."

Ya juyo ga Munkaila, ya tura masa tiren.

"Yi mini sau ɗaya. A hankali."

Munkaila ya yi. Wannan karon bai ƙara komai don ban dariya ba, ya yi shi a natse kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Malam Goni ya zuba masa ido ko ƙiftawa ba ya yi, ya ɗan karkata kai, bakinsa a ɗan buɗe. Aziza ta dubi mahaifinta ta ga yaro ɗan shekara biyar tsugune a gaban ubansa. Ta kawar da kai, don ta ji bai kamata ta ga wannan ba.



Sannan Malam Goni ya ja dogon numfashi, ya gyara zama. Hannunsa na hagu ya tashi zuwa hula, alamar magana mai nauyi na tafe. Yatsun na taɓa hular ya farga, ya tsaya cak, ya ga duk gidan shi ake kallo. Ya dubi Munkaila, sai ya ga hannun dama na bawan Allah ya baro gwiwa ya kama hanyar tasa hular, shi kuma bai ma sani ba.

"Kai!" Malam Goni ya daka masa tsawa. "Sauke hannun nan. A tele ka yi abinka, a gaban tsohuwa ka yi in ta ce. Amma ba a kwaikwayon suruki yana zaune."

Munkaila ya fizge hannun ya danne shi da ɗayan. "Tuba nike, Baba, wallahi ban..." Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe. "Baba, mi ka ce?"

Aziza ta riga shi ji. Tun kalmar ba ta gama fita ba ta cusa fuskarta a bayan Inna, tana dariya tana kuka, sauran nauyin nan ya sauka gaba ɗaya har ta ji kamar iska za ta ɗauke ta. Inna ta rangaɗa guɗa tun ba a ba ta izini ba.

"Na ce ka faɗa wa mutanenka su zo Juma'a mai zuwa," in ji Malam Goni, yana ƙoƙarin haɗe fuska tana ƙin haɗuwa. "Nasser kuma ni zan je in ba shi haƙuri da kaina, in yi masa godiya, don ya yi mana aikin da bai yi niyya ba."

"Baba, ko gobe ma suna iya zuwa! Ko yau, in na samu mota..."

Malam Goni ya ƙarasa karkata hularsa hagu, ya yi gyaran murya sau biyu.

"To," ya ce, "a hankali dai."